Yadda Maƙwabci Ke Zama Makashi, da Yadda Ake Komawa Zama Tare: Darasi Daga Ruwanda

Yau za mu leƙa Ruwanda, wata ƙaramar ƙasa mai yawan tuddai a tsakiyar Afirka, domin neman amsar tambayoyi biyu da ke damun duk al'ummar da ta taɓa ganin jini ya zuba tsakanin 'ya'yanta. Ta farko, me ke sa mutumin da kuka shekara kuna aron garma da gishiri, kuna zuwa sunan juna da ta'aziyyar juna, ya wayi gari ya ɗauki adda ya nufo ƙofar gidanka? Ta biyu, bayan ƙura ta lafa, ta yaya wanda ya yi kisa da wanda aka kashe wa nasa za su koma ɗiban ruwa a rijiya ɗaya?

A daren 6 ga Afrilu, 1994, aka harbo jirgin saman da ke ɗauke da Shugaba Juvénal Habyarimana na Ruwanda da takwaransa na Burundi, Cyprien Ntaryamira, yana dab da sauka a Kigali. Kafin gari ya waye an fara datse tituna da shingaye. Daga ranar har zuwa watan Yuli, kwana 100 ko kusa da haka, an hallaka mutum kimanin 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatin Ruwanda kuwa tana cewa sun haura miliyan 1. Mafi yawansu 'yan Tutsi ne, tare da 'yan Hutu da suka ƙi ba da hannu a kisan. Yawancin wannan ɓarna da adda aka yi ta, da kulki, a gonaki da makarantu da coci-coci. Sau da yawa mai kisan ya san sunan wanda ke gabansa, ya san sunayen 'ya'yansa.

Akwai abin da nake so mai sauraro ya riƙe tun yanzu. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, Kinyarwanda. Galibinsu Kiristoci ne, coci ɗaya suke shiga. A tudu ɗaya suke noma da kiwo, kuma akwai auratayya a tsakaninsu. Sunayen biyu sun daɗe, amma Turawan mulkin mallaka na Beljiyam ne suka ƙafe su a shekarun 1930, suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida, suka fifita Tutsi a makaranta da aikin mulki. A 1959 reshe ya juye da mujiya, mulki ya fara komawa hannun Hutu, dubban Tutsi suka tsere zuwa ƙasashe maƙwabta. 'Ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira ne suka dawo da yaƙi daga Uganda a watan Oktoban 1990, ƙarƙashin ƙungiyar RPF. Sannan a Oktoban 1993, wasu sojoji 'yan Tutsi suka kashe Melchior Ndadaye, ɗan Hutu na farko da aka zaɓa shugaban Burundi. Saboda haka lokacin da jirgin nan ya faɗo, talakan Hutu ya riga ya shekara uku da rabi yana kwana da fargaba, ana kuma faɗa masa kullum cewa maƙwabcinsa ɗan leƙen asirin maƙiya ne.

In ka tambayi mutane dalilin irin wannan masifa, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce tsohuwar gaba. Wai dama can ba sa ƙaunar juna. Wani masani ɗan Amurka mai suna Scott Straus bai gamsu da wannan amsa ba. Ya bi gidajen yarin Ruwanda ya zauna da fursunoni fiye da 200 waɗanda suka amsa cewa sun shiga kisan, ya fitar da sakamakon bincikensa a 2006. Abin da ya ji daga bakinsu yana da ban tsoro fiye da labarin tsohuwar gaba. Mafi yawansu manoma ne, magidanta, waɗanda ba su taɓa shiga hannun hukuma ba. Mafi yawansu sun ce lafiya lau suke zaune da maƙwabtansu Tutsi kafin yaƙi, da yawa ma suna da dangi Tutsi ta wajen aure. Da aka tambaye su abin da ya sa suka fita, dalilan da suka fi maimaitawa biyu ne: matsin lamba daga 'yan'uwansu Hutu, da tsoron yaƙin da ke matsowa. An zo ƙofar gida an ce fito, kowa ya fito. Wanda ya noƙe ana kiransa maci amana, ana iya cinye shanunsa, ana iya haɗa shi da waɗanda ake nema.

Wannan bai wanke kowa daga laifi ba, wanda ya kashe rai ya kashe. Amma ya nuna mana inda cutar take. Ɗan Adam, kafin ya aikata babban abu, yakan waiga ya dubi fuskokin mutanensa. Yana tambayar kansa, me nawa suke yi? Me za su ce in na yi, me za su ce in na ƙi? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano saurin da zuciya ke yi wajen raba duniya gida biyu, mu da su. A farkon shekarun 1970, Henri Tajfel ya raba 'yan makaranta a birnin Bristol na Ingila gida biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar wane zane ya fi burge yaro. Da aka ba su damar rabon lada, sai kowa ya karkata ga ɓangarensa, alhali bai ma san su wane ne a ciki ba. Wannan karkata tana jikin kowa, kuma ita kaɗai ba ta kisa. Tana zama makami ne idan abu uku suka haɗu a kanta: tsoro, da cire wa ɗaya ɓangaren rigar mutuntaka, da ganin cewa manya da jama'a sun amince.

Duk ukun nan, gidan rediyo ɗaya ya ɗauki nauyinsu a Ruwanda, kuma wajibi ne mu da ke sana'ar rediyo mu faɗi haka da babbar murya. A watan Yulin 1993 aka buɗe tashar RTLM. Ta shigo da kiɗa mai daɗi, da raha, da salon hira irin na majalisar matasa, har ta saye zukatan masu sauraro. A cikin rahar ne aka riƙa kiran Tutsi da sunan kyankyasai. Yau a faɗa da wasa, gobe a faɗa da wasa, har kunne ya saba. Wanda kuwa aka mai da shi kyankyaso, taka shi ba ya bukatar dogon tunani. Da kisa ya fara, tashar ta riƙa karanto sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya, tana kiran kisan da sunan aiki, kamar gayyar noma ake yi. Magana zarar bunu ce. A Disambar 2003, kotun duniya da ke zama a lokacin a Arusha ta Tanzaniya ta samu Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, jagororin tashar, da Hassan Ngeze na jaridar Kangura, da laifin tunzura kisan ƙare dangi.

Wani mai bincike, David Yanagizawa-Drott, ya yi amfani da tuddan ƙasar wajen auna tasirin tashar, domin akwai ƙauyen da tudu ya tare masa zango ba ya kama ta sosai, akwai wanda ke jin ta garau. Da ya kwatanta su, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na shiga kisan yana da nasaba da wannan tasha. Ya kuma ga cewa tasirin yana tsallakawa zuwa ƙauyukan da ke maƙwabtaka da masu kama ta. Wato wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba, a kasuwa, a mashaya, a bakin hanya. Babbar ɓarnar rediyon ita ce ta sa kowa ya ɗauka cewa kowa ya yarda.

In ana neman hujjar cewa amincewar manya ita ce ƙofa, to a dubi lardin Butare na wancan lokaci a kudancin ƙasar. Gwamnan lardin, Jean-Baptiste Habyalimana, shi kaɗai ne ɗan Tutsi a cikin gwamnonin larduna a lokacin, kuma ya tsaya kai da fata ya hana kisa. Kusan mako biyu ana zubar da jini a sauran ƙasar, garin Butare na zaune cikin ɗan sauƙi, har mutane na gudowa can neman mafaka. Sai gwamnatin riƙo ta tsige shi. Ranar 19 ga Afrilu shugaban riƙon, Théodore Sindikubwabo, ya je garin da kansa, ya zargi mutanen wurin da halin ko-in-kula, ya nemi masu jan ƙafa su kauce su ba masu aiki wuri. Daga nan Butare ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin ɓarna, shi kansa tsohon gwamnan aka kashe shi. Mutanen Butare na ranar 18 su ne na ranar 20. Zukatansu ba su sauya cikin kwana biyu ba. Abin da ya sauya shi ne muryar da ke sama, da abin da ake ganin an halatta.

Duk da haka akwai waɗanda suka ce a'a. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal da ke aikin sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙa kwasar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingaye da su, ba da bindiga ba, da lallashi da iya magana, har ya ceci ɗaruruwa, ciki har da 'ya'yan Firaminista Agathe Uwilingiyimana da aka kashe a ranar farko. Ya rasu ranar 31 ga Mayu, 1994, lokacin da wani makami ya fashe kusa da motarsa. Akwai kuma wata dattijuwa 'yar Hutu, Zula Karuhimbi, da ta ɓoye mutane masu yawa a gidanta, ta riƙa tsorata maharan da cewa duk wanda ya shigo zai gamu da aljanunta. Irin waɗannan mutane suna da muhimmanci fiye da adadin waɗanda suka ceta, domin suna karya ƙaryar nan ta cewa kowa ya yarda, ba yadda za a yi.

To, jama'a, mu juya ga tambaya ta biyu. Da RPF ta karɓi Kigali ranar 4 ga Yuli, ta gaji ƙasar da ta cika da gawarwaki da marayu da zawarawa. Kafin ƙarshen shekarun 1990, gidajen yari na ɗauke da mutum kimanin 120,000 da ake zargi, alƙalai da lauyoyi kuwa an kashe wasu, wasu sun gudu. Da kotunan da aka saba za a bi, da shari'ar ta wuce tsawon rayuwar masu ƙara da waɗanda ake ƙara. Sai gwamnati ta farfaɗo da wata tsohuwar al'ada ta zaman sulhu a fili, wadda ake kira Gacaca, ta yi mata doka. An fara gwaji a 2002, aka bazu ko'ina a 2005, aka rufe a watan Yunin 2012. Kotuna kimanin 12,000, waɗanda jama'ar gari suka zaɓi alƙalansu daga cikin mutanen da aka shaida da gaskiya, sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2. A kan ciyawa ake zama, gari duka na nan. Wanda ya amsa laifinsa, ya faɗi abin da ya yi da waɗanda suka yi tare, ya nemi gafara, ana rage masa hukunci, wani ɓangare ya biya shi da aikin gayya. A irin wannan zama ne uwaye da yawa suka fara jin inda aka jefa gawarwakin 'ya'yansu, suka samu suka binne su kamar mutane.

Me ya sa faɗin gaskiya a bainar jama'a ke da wannan nauyi? Wasu masana biyu 'yan Isra'ila, Arie Nadler da Nurit Shnabel, sun yi bayanin da ya dace da abin da kowane mai sasanta rigima ya sani. Bayan zalunci, ɓangarorin biyu kowa na da yunwarsa, kuma yunwar ba iri ɗaya ba ce. Wanda aka zalunta an ƙwace masa ƙarfi da daraja, an nuna masa shi ba kowa ba ne. Yana bukatar a dawo masa da muryarsa, a ce masa abin da ka faɗa gaskiya ne, an cuce ka, kuma yafiya a hannunka take. Wanda ya yi zaluncin kuma ya zubar da mutuncinsa, yana tsoron an fitar da shi daga sahun mutane har abada. Yana bukatar ya ga ƙofar dawowa. In an toshe masa ita, sai ya dage da musu, ya riƙa neman hujjar cewa su ma ai sun yi. Sulhu yana kama ƙasa ne idan kowanne ya ba ɗayan abin da shi kaɗai zai iya bayarwa: wannan ya amsa laifi, wancan ya buɗe ƙofa. Shi ya sa taron da ake tara mutane a ci abinci, a ɗauki hoto, a ce a manta da baya, ba tare da kowa ya amsa komai ba, yakan watse ya bar ƙulli yadda yake.

Amma kada mu ɗauka wannan magani ba shi da ɗaci. Wata mai bincike 'yar Suwidin, Karen Brounéus, ta gano cewa waɗanda suka tsaya ba da shaida a Gacaca sun fi waɗanda ba su tsaya ba fama da ciwon damuwa da firgicin da ke dawo wa mutum da abin da ya gani. Wasu matan sun ba da labarin yadda aka riƙa yi musu barazana bayan sun yi magana. A Saliyo ma, inda aka yi yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002, an bi diddigin tarurrukan yafiya na shirin Fambul Tok a ƙauyuka 200, aka wallafa sakamakon a 2016. Mutane sun ƙara yafe wa juna, sun ƙara shiga ayyukan gari, amma damuwa da fargaba sun ƙaru a zukatan waɗanda aka sake tono wa ciwo. Gari ya samu sauƙi, mutum ɗaya-ɗaya ya biya kuɗin. Duk mai shirya sulhu ya kamata ya san wannan. Ba a tilasta wa mai ciwo yafiya, ba a ce masa ya yi sauri, kuma ba a watse a bar shi shi kaɗai bayan an sa shi ya buɗe bakinsa.

Gacaca tana da wasu raunukan. Wanda ake zargi ba shi da lauya, an samu shaidar ƙarya da ramuwar gayya, kuma ba a ba kotunan damar sauraron kashe-kashen da ake zargin sojojin RPF da yi wa fararen hula 'yan Hutu ba. Wanda aka kashe wa nasa ta wannan hanya bai samu filin kuka ba. A yau gwamnatin Ruwanda ta cire ƙabila daga katin shaida, ta kuma taƙaita maganar ƙabila a fili, masu sukarta na cewa tsoro na cikin abin da ke riƙe da shirun. Ƙasar ta shekara fiye da 30 ba a koma waccan masifa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai adalcin da ya dubi ɓangare ɗaya ya kau da kai daga ɗayan yakan bar bashi ga 'yan baya.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni ƙwarin guiwa, kuma daga rediyo ya fito. A 2004 aka fara watsa wani wasan kwaikwayo mai suna Musekeweya a Ruwanda, labarin ƙauyuka biyu da ke rigima kan ƙasar noma, da masu hura wuta, da masu ƙin bin su, da saurayi da budurwa da suka fito daga ɓangarorin biyu. Wata masaniya, Elizabeth Levy Paluck, ta shekara guda tana bin rukunonin masu sauraro, wasu na jin wannan wasa, wasu na jin wani daban da ya shafi kiwon lafiya. Da shekara ta cika, ta ga cewa ra'ayin da kowa ke riƙe da shi a zuciyarsa game da musabbabin rikici bai sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suke ganin abin da ya dace a cikin jama'a. Sun fi yarda cewa auratayya tsakanin ɓangarori ba aibi ba ce, cewa mutum na iya tashi a taro ya ce ban yarda ba, cewa ana iya faɗin ciwon da ke zuciya. Da aka ba kowane rukuni rediyo da kaset-kaset su san yadda za su yi amfani da su tare, masu jin Musekeweya sun fi yin muhawara a fili kafin su cimma matsaya. Ƙofar da sharri ya bi ya shiga, ita alheri ya bi.

Wannan darasi ba na nesa ba ne, domin an gwada makamancinsa a Kaduna, garin da rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka raba shi, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudu. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun yi aiki da samari 849, Musulmi da Kirista. An ba wasunsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Da aka gama, zargin da kowa ke yi wa ɗaya ɓangaren a ransa bai ragu ba. Amma da aka zo rabon kuɗi a aikace, waɗanda suka zauna a aji mai gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya yin adalci ga wanda ba nasu ba. Hannu ya riga zuciya gyaruwa. Kuma binciken ya nuna mana haɗarin da ke cikin zaman da muke yi yanzu, inda yaro zai tashi a unguwa, ya yi makaranta, ya koyi sana'a, bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba.

A Kadunan nan dai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fito. A rikicin 1992 da ya samo asali daga Zangon Kataf, suna ɓangarori biyu masu gaba. Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kuma su da kansu sun sha faɗa cewa sun daɗe suna aiki tare kafin zargi ya bar zukatansu. Da sun jira sai zuciya ta yi fari tas kafin su fara, da ba a samu cibiyar sasanci da suka kafa ba, da ba su taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwan Shendam a 2005 ba. Haka nan a watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Filato, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Yaran da suka ga wannan da idonsu sun koyi abin da wa'azin shekara ba zai koya musu ba.

To me za mu ɗauka, jama'a? Abin da nake so in bar muku shi ne, zaman lafiya ba ya jiran ranar da kowa zai ƙaunaci kowa. Yana tsayawa ne a kan abin da al'umma ta mai da shi abin kunya da abin da ta mai da shi abin yabo, kuma wannan a hannunmu yake. Duk ranar da aka kira wata ƙabila ko mabiya wani addini da sunan dabba ko ƙwaro a majalisarku, ko a zauren WhatsApp, ko a kan mumbari, kuka yi shiru, to yaron da ke gefe ya ɗauka kun yarda. Mutum ɗaya da zai ce, Malam, wannan magana ba ta dace ba, ya isa ya nuna wa sauran cewa ba kowa ne ya yarda ba, kuma sau da yawa za ka tarar da masu jin haka a ransu sun fi yawa, jira suke wani ya fara. Saƙon da aka turo maka na cewa ga su nan tafe, ka tsaya ka bincika kafin ka tura, domin tsoro shi ne abin da masu hura wuta suka fi nema.

Ga masu unguwanni da dagatai da sarakuna, da malamai da fastoci, da mu 'yan jarida: darasin Butare naku ne, namu ne. Kalmar da babba ya furta a ranar tashin hankali tana iya riƙe gari, tana iya sake shi. Ga gwamnatoci kuma, a hukunta mai laifi ko daga wane ɓangare yake, a biya waɗanda aka yi wa ɓarna, a fitar da rahotannin kwamitocin bincike a yi aiki da su, domin wanda bai ga adalci ba yana renon ramuwa. A kuma tsare wuraren da har yanzu ke haɗa mu, kasuwa da makaranta da filin ƙwallo da wurin koyon sana'a, a ƙara irinsu da gangan, musamman ga matasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga wanda aka kashe wa nasa kuma yake sauraronmu a yanzu, ba wanda ke da ikon ya ƙayyade maka ranar yafiya. Haƙƙinka ne a saurare ka, a amsa cewa an zalunce ka, a tsaya tare da kai. Haƙƙin 'ya'yanka ne kuma kada a bar musu gadon gaba da ba su san farkonta ba. Aikin haɗa waɗannan haƙƙoƙi biyu yana kan al'umma duka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba waɗanda suka rage haƙuri da waraka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.